Geron Gumbar Ma'u

Kwas ɗin wata uku Mannir ya yi a Kaduna, amma har yau mutanen gidansu ba su gama shan wahalar wata ukun nan ba.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, kujerun ofis suka fi ma'aikata yawa a Gusau. Sai ga Mannir, wanda a Sakkwato ko teburin kansa ba shi da shi, ya wayi gari da ofis guda, da labule, da fanka. Shekara na zagayowa aka tura shi Kaduna ya koyo yadda ake tsara shirin rediyo da talabijin don wayar da kan jama'a. Ya tafi da jaka ɗaya, ya dawo da takardar shaida cikin gilashi, da tabarau wanda ba likitan da ya rubuta masa. Hausarsu ta Zamfara ma ya baro ta can, ya daina "awo" ya koma "eh". Sannan ya taho da wata kalma da ta zauna masa a baki: "Ai dabara ce."

In an sa kaset ɗin Indiya a gidansa na Tudun Wadar Gusau, matarsa Sadiya na share hawaye don an soki jarumi, sai ya leƙo ta saman jarida ya ce, "Jan kala ne, ba jini ba." In jarumin ya diro daga bene, ya ce katifa ce a ƙasa. Da abin ya ishe ta, Sadiya ta koma kallo gidan maƙwabta. A Tsafe kuwa, ranar wani suna a gidan yayarsa Suwaiba, 'yan tauri na tsakiyar wasa ya kutsa fili wai a ba shi wuƙar ya duba kaifinta. Da ƙyar aka fito da shi, hula a hannu. Mai dabo ya zaro ƙwai daga kunnen wani mahauci, jama'a suka ɗauki sowa, shi kuwa ya ɗaga murya wai ƙwan na cikin hannun riga. To, wa ya ce ba ya ciki? Duk wanda ke tsaye a wurin ya san kunne ba ya yin ƙwai. Mutane sun bar gonakinsu ne don su yi dariya, ba don a karantar da su ba. Amma gogan gani yake shi kaɗai Allah ya ba ido, sauran duk tumaki ne aka sa wa riga.

Mahaifiyarsa, Iya, tana Bungudu, a gidan da mijinta Malam Mu'azu ya mutu ya bar ta shekara shida da suka wuce. Yanar ido ta ci ƙarfin ganinta, mutum in ya tsaya gabanta sai dai ta ga duhu-duhunsa. Kaɗi ya gagare ta, zuwa biki ya gagare ta. Abin da ya rage mata a duniya shi ne wani ɗan akwatin rediyo da ta ɗinka wa riga da ragowar atamfa, da kuma ranar Laraba bayan la'asar. A lokacin ne ake sa wasan kwaikwayon "Zauren Ɗantsoho", labarin wani dattijon manomi mai jaki, da matarsa Ma'u, da rigingimun 'yan garinsu. Tun Talata Iya ke sa a shanya mata batir a rana don ya yi ƙarfi. Ran Laraba a share tsakar gida, a shimfiɗa tabarma biyu, maƙwabciyarta Tambaya ta shigo da matan unguwa shida ko bakwai, kowa da ƙoƙon gyaɗarta. Su yi dariya, su yi salati, su zagi wanda ya cuci Ɗantsoho, har magariba ana maimaita abin da aka ji. Sauran kwana shidan mako gidan tsit yake, sai kukan kaji.

Wata Laraba cikin damina Ma'u ta mutu. Zazzaɓin kwana biyu ne, ta cika a gaban mijinta, ana tsawa ana ruwa. Tsakar gidan Iya ya ruɗe da kuka kamar gawar na ɗakinta. Ita Iya ba ta yi ihu ba, amma ba ta ci tuwon dare ba. Kashegari ta sa aka auno mata gero kwano biyu daga rumbu, aka sussuke aka sheƙe, ta ƙulle a sabon mayafi. Ta ce gudummawar gumba ce, za ta Gusau gaisuwa kafin sadakar bakwai.

Suwaiba ce ta kawo wa Mannir labarin. Ta je duba Iya, a hanyarta ta komawa Tsafe ta ratse Tudun Wada ran Juma'a. Ita ce 'yar fari, Iya ko sunanta ba ta faɗi, sai dai ta ce "ta Tsafe". Mace ce mai jiki da murya, ba ta iya kwana-kwana ba.

Mannir ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge.

"Gaisuwar mutuwa? Wa ya mutu? Kai, ƙauyanci bai yi ba! Wallahi Yaya, ƙasar nan sai mun yi shekara ɗari muna aiki."

"In ka gama sai ka ji ni," in ji Suwaiba. "Ta ce wanda kay yi shekara biyu kana shiga gidanai duk Laraba, a yi mai rashi ka ƙi zuwa, ba ɗiyan mutunci ka yin haka ba."

"Shiga gidansa! Gidan da ba shi a duniya."

"Mannir, ka taɓa zama ka saurari wasan ga?"

"Ni? Ina da aikin yi. Na san masu yin sa ɗaya bayan ɗaya, na san ɗakin da suke yi a Sabon Gari."

"Ban tambaye ka ɗaki ba. Tsohon ga in za shi magana sai ya yi gyaran murya har biyu, kana ya ce, 'Af, to.' Wa kas sani mai yin haka?"

Mannir ya taɓe baki, ya ce tsofaffi duk haka suke.

"Baba na," in ji Suwaiba, muryarta ta sauko. "Sak Baba. Ba ta taɓa faɗi da bakinta ba, kuma ba ta faɗi. Amma ka dubi fuskarta in ya yi gyaran muryar nan. Mako guda taka jira don ta ji shi. Shi ɗai yar rage mata, Mannir. Ga abin da za mu yi: ka amshi geron, ka ce mata hanya ba kyau, kai ka kai. Ka koma ka ce Ɗantsoho ya amsa, shina godiya. Shi ke nan, kowa ya huta."

"In yi wa uwata ƙarya?"

Ka ji fa! Mutumin da ya yi wata biyar bai taka Bungudu ba, ga ta nan kusa da Gusau, wai saboda aiki, yau shi ne mai tsoron yi wa uwa ƙarya. Gaskiyar maganar ita ce tun da Suwaiba ta fara magana abu guda ke masa yawo a kai: a ce a ofis an ji uwar jami'in wayar da kai ta ɗauko gero za ta gaisuwar mutuwar rediyo. Ina zai sa fuskarsa?

"Ni zan kai ta da kaina," ya ce. "Ran Litinin suke ɗaukar shiri. Ta je ta ga komai, a yi ta ta ƙare. Ilimi ai ba ya cutar da kowa."

"Ita ta ce maka tana son sani? Ka bar kaza cikin gashinta."

"Kazar da ba a fige ba ai ba ta ciwuwa, Yaya."

Maganar ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya maimaita wa Sadiya da daddare, ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Suwaiba ta ja mayafinta ta fita. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce ran Litinin za ta zo, tunda ba ta iya hana shi, aƙalla ta riƙe wa tsohuwa hannu.

Ran Litinin da hantsi ya tuƙa tsohuwar fijonsa zuwa Bungudu. Ya tarar da Iya ta shirya tun asuba, ta sa baƙin zanen saƙi da ba ta fitowa da shi sai babbar hidima, ƙullin gero a cinya. Matan unguwa suka rako ta har bakin mota, kowacce na cewa a isar mata da gaisuwa. Tambaya ta damƙa mata goro biyar a ganye, ta ce a ba maigidan.

"Allah shi yi maka albarka, Auta," in ji Iya da motar ta hau titi. "Na san kai ɗai ka iya kai ni."

Ya ce amin, yana murmushi shi kaɗai.

Suka ɗauki Suwaiba a tasha, suka shiga Sabon Gari. Ɗakin yana bayan wani shagon gyaran rediyo, sai an bi ta wani lungu mai kwata. Ɗan ƙarami ne, ba taga. An manne bangon da kwalayen ƙwai da tsofaffin barguna don kada ƙarar waje ta shigo. A tsakiya makirfo ɗaya ne a kan sanda, an ɗaure shi da tsumma. A gefe ga rikoda, ga tarkace jibge a ƙasa: ɓarin ƙwarya biyu, guntun langa-langa, buta da bokiti, da wata tsohuwar adaka mai tsatsa. Mutum biyar ke ciki, kowa da takarda a hannu, zufa na zuba.

Wanda ke yin Ɗantsoho sunansa Sabiru. Malamin firamare ne, bai cika talatin ba, siriri, da hular hana-sallah da wandon jins. Mannir ya ce masa kawai zai kawo baƙi su ga aiki, bai gaya masa komai ba. Amma Sabiru yaro ne mai hankali. Ya ga tsohuwa ana jan ta a hannu, ya ga farin da ya rufe mata ido, ya ga baƙin zane da ƙullin hatsi. Ya ji ta yi sallama a hankali, irin sallamar shiga gidan makoki. Ya dubi Suwaiba, ta girgiza masa kai kaɗan, idonta na roƙo. Nan take ya gane.

Ya ɗaga wa sauran hannu su yi shiru. Ya zaro goro biyu daga aljihu ya cusa a kumatu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya sunkuyar da kai. Sannan ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Af, to. Maraba da baƙi. Ku shigo daga ciki."

Iya ta tsaya cik. Hannunta ya damƙe na Suwaiba. A hankali ta durƙusa, ta zauna a kan tabarmar da aka miƙo, ta juya fuska gefe kamar yadda mace ke yi a gaban dattijo.

"Sannu, Malam. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Hajiya."

"Ashe haka Allah ya yi ikonai. Allah shi jiƙanta, shi sa ta huta, shi sa can ta fi nan. Ta yi zaman aure, mu shaida na. Allah shi ba ka haƙurin rashi."

"Amin, amin. Daga ina?"

"Daga Bungudu. Matan shiyyarmu duka suna gaishe ka. Ga ɗan gero na gumba, ba yawa. Ga goro in ji Tambaya."

"Af, to. Har da ɗawainiya? Allah shi saka, shi ba da ladar zumunci. Ki gaishe min da Tambaya da kyau."

Fuskar Iya a lokacin, ko dutse ya gan ta sai ya yi laushi. Ƙwalla na bin kumatunta, amma bakinta murmushi yake. Mai riƙe da rikoda ya sunkuyar da kai. Suwaiba ta fara ɗago ta a hankali don su fita. Da an bar su, taku goma ne zuwa bakin lungu, a shiga mota, a koma Bungudu da labarin da za a shekara ana ba da shi.

Sai Mannir ya tafa hannu, ya fashe da dariya.

"Kai, Sabiru, ka iya! Wallahi ka iya. To ya isa haka. Tofar da goron ka yi mata magana da muryarka."

"Ranka ya daɗe," in ji Sabiru ƙasa-ƙasa, "a bar shi haka mana."

"Wane a bar shi? Abin da ya kawo mu ke nan. Iya, kin ji tsohon naki? Yaron nan ko aure bai yi ba. Da ƙanen Sadiya suka yi makaranta. Goro ya cusa a kumatu don murya ta yi kamar ta marar haƙori. Ai dabara ce! Sabiru, gaishe ta."

Sabiru ya dubi ƙasa. Mannir ma'aikacin gwamnati ne, kuma ta ofishinsu 'yan wasan ke samun ɗan aikin faɗakarwa jifa-jifa. Ya juya ya tofar da goron a hannu.

"Ina wuni, Iya," ya ce da muryarsa ta saurayi, siririya.

Kan Iya kawai ya juya wajen da muryar ta fito.

"Mannir, ka ji tsoron Allah," in ji Suwaiba.

Ina! Wanda ya samu aji ai ba ya jin kira. Ya tsallaka ya kwaso tarkacen nan ya zube gaban uwarsa. Ya kama hannunta, tunda ido ba ya gani, ya ɗora a kan ɓarin ƙwarya. Ya kifa su a ƙasa ya buga: ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas.

"Kin ji jakin Ɗantsoho? Ga shi nan, ba ya cin harawa, ba ya harbi." Ya girgiza langa-langa, ɗakin ya ɗauki rugugi. "Ga tsawar da aka yi ranar mutuwar. Ruwan saman kuma buta ce da bokiti. Taɓa ki ji." Ya buɗe murfin adaka, ta yi ƙiiii. "Ga ƙyauren zaure. Duka gidan da kike shiga ran Laraba ga shi nan a gabanki, ko buhu ɗaya bai cika ba."

Yana yi yana waiwayen 'yan wasan ko za su yaba, ba wanda ya dube shi. Bai damu ba, don babban abin yana gaba. Ya leƙa waje ya ƙwala kira.

"Husaina! Zo nan, marigayiya!"

Wata budurwa ta shigo daga shagon gaba, hannu da lalle, tana cin dafaffiyar masara. Ta zo ne kawai yi wa abokan wasanta sallama.

"Iya, ga Ma'un da kika ƙi cin tuwo dominta. Aure za ta yi wata mai zuwa, mijin zai tafi da ita Kaduna, shi ya sa aka kashe ta a takarda. Da ba don auren ba da yanzu tana nan tana daka wa Ɗantsoho fura. Yi magana ta ji."

Yarinyar ta dubi tsohuwa, ta dubi geron, masarar ta tsaya mata a baki. Ta durƙusa ta ce, "Sannu, Iya." Muryar Ma'u ce, ba ko tantama.

Iya ta miƙa hannu tana lalube har ta kamo na yarinyar. Ta shafa shi, ta juya shi, ta daɗe tana riƙe da shi.

"Ke ta Ma'u?"

"Ni ce, Iya."

"Lahiyarki lau?"

"Lafiya lau."

"To, alhamdu lillahi." Ta saki hannun. Ta tura ƙullin geron gabanta. "Hatsi in ya hito gida ba shi komawa. Ki yi hurar biki. Allah shi ba da zaman lahiya." Ta dafa ƙasa ta miƙe da kanta, ta ce, "Ta Tsafe, kai ni waje. Ɗakin ga akwai zahi."

A mota Mannir bai rufe baki ba daga Gusau har Bungudu. Ya yi bayanin yadda murya ke shiga kaset, da yadda ake yanka a haɗa, da abin da wani Bature ya gaya musu a Kaduna. Suwaiba ta sauka a tasha ko sallama ba ta yi masa ba. Iya na baya, hannu biyu a kan cinyar da babu komai a kanta yanzu. Da suka isa matan unguwa suka fito suna tambaya yaya maigidan, ya ji da haƙuri? Ta ce, "Shina gaishe ku," ta shige ɗaki. Ga ɗanta kuwa ta ce, "Sannu da ɗawainiya, Auta." Ya koma Gusau yana jin ya yi aikin lada, har ya ba da labarin a ofis, bayan ya gyara shi yadda zai fito shi ne gwani.

Mako bakwai suka wuce. An fara yankan gero sai ga Suwaiba a ofishinsa, ba ta ko zauna ba.

"Ka tahi ka ga aikinka."

Ta ce Larabar farko Iya ta kunna rediyon kamar kullum, mata suka taru. Jaki na fara tafiya ta ce kanta na ciwo, ta shiga ɗaki. Laraba ta biyu ta ce batir ya mutu. Ta uku ba ta ce komai ba, ba ta dai sa an yi shara ba. Ba ta gaya wa kowa abin da ta gano a Gusau ba, ta bar su da abinsu. Su kuma da suka gaji da zuwa suna tarar da ƙofa a saye, suka koma gidan Tambaya, inda ɗanta ya sayo rediyo. Yanzu ran Laraba ana jiyo dariyarsu ta kan katanga, Iya na kwance ita kaɗai.

"Za ta saba," in ji Mannir. "Gaskiya ɗaci gare ta da farko."

"Allah shi ba ka ɗiyan da za su yi maka irin gaskiyar ga," in ji Suwaiba, ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe.

Maganar ta ɗan sosa shi, ba don komai ba sai don masinja ya ji. Laraba na zuwa ya tashi aiki da wuri, ya sayi batir sabo fil guda huɗu da lemo da burodi, ya kama hanyar Bungudu. A ransa abin mai sauƙi ne. Tsohuwa ce ke fushi, a lallashe ta a kunna mata, yanzu ma za ta fi jin daɗin wasan tunda ta san yadda ake yin sa.

Ya tarar da tsakar gida duk kashin kaji. Iya na ɗaki a kan gado, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Rediyon na kan taga, ƙura ta rufe rigarsa. Suka gaisa. Ya zuba sabon batir, ya murɗa, ya ce yau tare za su ji.

Ba kujera a ɗakin, sai ya janyo buzun da ke rataye a bango ya zauna. Buzun babansa ne. Ɗakin na nan da warinsa na da, hayaƙi da man shanu da tsohuwar takarda. Ya gaji da tuƙi, ya cire tabarau, ya jingina da bango ya lumshe ido. Aka yi kiɗan buɗe shiri. Ƙyaure ya yi ƙara. Wani ya yi sallama, aka yi shiru kaɗan.

Sai aka yi gyaran murya. Aka sake yi.

"Af, to."

Tsigar jikin Mannir ta tashi. A ɗakin Sabon Gari ya ji wannan muryar, amma a ranar bakin Sabiru yake kallo yana jiran lokacin dariya. Yau ido a rufe, a kan buzun nan, ba Sabiru ya ji ba. Malam Mu'azu ya ji, ya dawo daga ofishin hakimi inda yake masinja, ya jingine keke a zaure, zai tambayi wa ya taɓa masa tawada. Har ƙamshin ƙosan da yake ƙullo masa a aljihu ya ji. Shekara shida bai yi kukan mutumin nan ba, don ranar jana'iza shi ke ta kai da kawo da manyan baƙi. Yanzu ƙwalla suka cika masa ido. Bai so muryar ta tsaya ba. Ya matsa kusa da rediyon kamar yaro.

"Iya," ya ce da ƙyar, "Iya, wallahi kamar..."

"Goro na," in ji Iya.

Ya buɗe ido.

Tana zaune yadda take, fararen idanunta na kallon bango. Ta ɗaga yatsa ta taɓa kumatunta na dama, ta taɓa na hagu.

"Guda nan, guda nan. Yaro na, ko aure bai yi ba."

A rediyo jaki ya fara tafiya.

"Wagga ƙwarya ta," ta ce. "In an jima a buɗe adaka." Ba faɗa a muryarta, ba gori, karatu kawai take mayarwa yadda aka biya mata. "Ai dabara ce, Auta."

Ta katanga aka jiyo matan gidan Tambaya sun kwashe da dariya. Mannir ya sake rufe ido, ya matse su da ƙarfi, ya kasa kunne yana jiran gyaran murya na gaba. Aka yi. Bai ji kowa ba sai Sabiru da goro a baki.

Iya ta kwanta, ta juya fuska bango, ta ja zane ta rufe kafaɗa.

"In ka gama ka kashe," ta ce. "In za ka tahi ka tahi da shi, ka kai ma Sadiya."